Jika 150 ke hannuna, 50mm zan saya ko zum mai f/2.8 don hotunan buki?

Ɗan Ader, Tawa:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Dan Allah shawara nika nema, kuma na fi son wanda ya taɓa riƙa kayan da hannunshi shi ba ni amsa. Ina aikin hoto nan Tawa, yawanci buki da zanen suna da ɗaurin aure, wani lokaci taron ƙungiyoyi. Kyamarata Canon 600D ce, okaziyo na saye ta, da objektif ɗinta, wato gilashin gaban kyamara, 18-55 wanda anka saba haɗo su tare. Da rana waje ba ni da matsala da ita ko kaɗan, hoto na fita tsaf kiliyan na murna. Matsala tana farawa da an ce in shiga ɗakin amarya, ko bayan magariba ƙarƙashin rumfa inda ƙwan lantarki ɗaya ko biyu anka rataya. Nan sai hoto shi yi duhu, in na ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, zuwa 3200 fuska ta cika da yashi-yashi, in na rage bitas, wato saurin ƙiftawar kyamara, kuma da mutum ya motsa hannu hoto ya yi fulu, wato dishi-dishi, in na tada ƙaramin filash na bisa kyamara fuskoki su yi ƙyalli kamar an shafa musu mai, baya kuma baƙi ƙirin, mata ba su son shi ko kaɗan kuma gaskiyarsu ce.

Na tara jika 150, wato sefa dubu 150, kuma ba ni son in zubar da su banza don ba da sauƙi sunka taru ba. Wani abokina ya ce in sayi 50mm f/1.8 kawai in huta, wai shi ne ke sa baya shi narke mutum shi fito fes. Wani kuma ya ce a'a, zum, wato objektif mai jawo nesa da kusa, na Sigma 17-50 f/2.8 zan nema don da shi ba sai na riƙa canje-canje ba. Akwai kuma wani mai shago da shika ta nuna mani 75-300 shina cewa mai hoto sai da dogon objektif mutane ke ganin girmanshi. To kaina ya ɗaure. Wane ne zai magance mani duhun ɗaki? Kuma in okaziyo zan saya mi zan duba kahin in ba da kuɗɗi, don nan Tawa ba a cika samun kayan ba sai dai in aika Yamai ko in taho da kaina. Allah shi saka da alheri.

Mai Zum, Yamai:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kada ka ɓata lokaci, 50mm f/1.8 STM ka saya, babu objektif ɗin da ke ba da abin da yake bayarwa a kan kuɗinsa. Ka lura 18-55 ɗinka in ka ja shi zuwa 55 buɗinsa, wato faɗin ƙofar shigar haske, f/5.6 ne iyaka (ƙaramar lambar f ita ce babban buɗi), shi kuwa wannan f/1.8, hasken da zai shigo maka ya kusan ninka goma, wato inda kake fama da ISO 3200 za ka sauko wajen 400 da bitas ɗaya, yashin nan duk zai tafi. Ga shi ba nauyi gram 160 ne, ka yini da shi a wuya ba ka ji ba. Amma ka tabbata STM ɗin ne wanda ya fito 2015 mai gindin ƙarfe, akwai tsohon mai II a jiki na 1990 gindinsa roba ne kuma yana ƙara in yana neman fokus, masu shago na haɗa su su ce duk ɗaya ne, ba ɗaya ba ne. Hanya mai sauƙi ka gane, bakin STM 49mm ne na tsohon 52mm, an rubuta a gaba. Lokacin da ya fito dalar Amurka 125 ake saida shi sabo, don haka kada wani ya ce maka okaziyo ya kai rabin kuɗinka da ɗori. 75-300 kuwa ka bar masa kayansa, a cikin ɗaki ba abin da zai yi maka, shi ma duhu gare shi kamar wanda ke hannunka.

Alhaji Mai Sutudiyo, Yamai:

Salamu alaikum. Ɗana Mai Zum lissafinka na haske daidai ne ban musa ba, amma ka manta ka tambaye shi girman ɗakunan da yake shiga, kuma a nan maganar take.

Ɗan Ader, kafin ka kashe ko dala ga abin da nake so ka yi yau ɗin nan. Ka ɗauki 18-55 ɗinka ka juya shi ka tsaida a kan 50, ka manna masa sikoci don kada ya motsa, ka shiga ɗaki irin na amarya, ka jingina bayanka da bango ka leƙa. Abin da ka gani shi ne abin da 50mm zai nuna maka, babu ƙari. Dalili, 600D ƙaramin kaptar gare ta, wato farantin ciki da ke karɓar hoto, faɗinsa milimita 22.3 ne, ba irin na manyan kyamarori 5D ko 6D mai milimita 36 ba, don haka duk lambar da ke jikin objektif sai ka ninka ta da 1.6, 50 ya zama kamar 80. Wannan na hoton mutum ɗaya ne daga ƙirji zuwa sama. In kana tsaye mita 4 daga mutane, 50mm zai kama maka faɗin da bai kai mita 2 ba, mutum uku ke nan in sun matsu. To ɗakin amarya nawa ne a Tawa ko a nan Yamai za ka samu mita 4 fili bayan an jera gado da armuwar da kwanuka? Kuma ka san ba a taɓa barin amarya ita kaɗai, ƙawaye takwas goma kowa na so ta shiga, ga gwaggo ga inna. A mita 4 ɗin nan 24mm zai ba ka kusan mita 3 da rabi da ɗori, 17mm kuma ya wuce mita 5. Ka ga bambancin.

Abu na biyu da samari ba su cika faɗa ba, f/1.8 ɗin da ake yabo ba kyauta ba ne. In ka buɗe shi duka a nisan mita 2, wurin da zai fito tsaf bai wuce santimita 11 ba daga gaba zuwa baya. Ango na gaba amarya ta ɗan ja baya, ɗaya ya fito ɗaya ya yi fulu. In layi biyu ne na mutane dole ka rufe zuwa f/4 ko f/5.6, to ka dawo inda ka baro, duhun na nan. Wato a hoton taro, wanda shi ne yawancin abin da ake biyanka don shi, buɗin objektif ba ya raba ka da duhu.

Ni a ganina ciwonka ba na objektif ba ne, haske ne babu a ɗakin, to ka kawo haske. Ka fara da filash na waje mai kai mai juyawa. Godox TT685 mai harafin C a ƙarshe shi ne na Canon, mai N na Nikon ne kada a ba ka shi, yana da TTL wato shi ke auna ƙarfin da kansa, a buki inda ake ta motsi wannan yana taimako ƙwarai. In kuɗi sun yi kaɗan akwai TT600 ko Yongnuo YN560 waɗanda kai ke saita ƙarfi da hannu, suna aiki lafiya sai dai suna son sabo. Sirrin kuma kada ka taɓa auna shi ga fuskar mutane kai tsaye, ƙyallin nan da mata ke ƙi daga nan yake fitowa, ƙaramin haske mai ƙarfi yana dukan fata da kwalliya. Ka juya kan sama ga silin in fari ne, ko gefe ga farin bango, haske ya bugi can ya dawo da faɗi da laushi. In rufin kwano ne ko azara, ko an shafa ma ɗakin fenti shuɗi ko kore, kada ka buga a can don launin zai sauko a fuska, sai ka ɗaura farin kwali mai faɗin tafin hannu biyu a bayan kan filash da roba, ko ka sa yaro ya riƙe maka farin ƙyalle a gefe ka buga a kai. Kyamara a M, wato saiti na hannu, bitas 1/100 ko 1/125, f/4 zuwa f/5.6, ISO 800 don bayan ɗaki ma ya ɗan fito kada ya zama rami. Kada ka wuce 1/200, nan ne iyakar 600D da filash na yau da kullum, in ka wuce da filash na hannu za ka ga baƙin layi ya cinye gefen hoto. Ka sayi pil masu caji guda 8, huɗu a ciki huɗu a aljihu, pil ɗin tebur ba sa jure filash.

Ka je ka duba hotunan marigayi Philippe Koudjina na daren Yamai a shekarun 1960 da 1970, ko na Malick Sidibé a Bamako, hotunan dare ne a wuraren rawa, da filash suka ɗauke su, kuma har yau ana rataya su a manyan ɗakunan nuni na duniya. Sun san inda za su tsaya da lokacin da za su danna.

Da filash a hannu 18-55 ɗinka zai ba ka mamaki, don a f/5.6 ba mugun objektif ba ne. Abin da ya rage na kuɗin sai mu yi maganar gilashi.

Hajiya Mai Hoto, Yamai:

Alhaji Allah ya ƙara lafiya, kun faɗi gaskiya kan filash, amma ku bar ni in ƙara wani abu don ni kusan duk aikina cikin ɗakunan mata ne, lalle, foyandi, kai amarya, wuraren da sau da yawa ba a barin namiji ya daɗe.

Ƙanena Ɗan Ader, Sigma 17-50 f/2.8 shi ke kan kyamarata kullum kuma ba zan ɓoye maka ba shi ya sauƙaƙa min aiki. Abin da ya sa, f/2.8 ɗin ba ya canzawa, ko kana 17 ko kana 50 haske ɗaya ne, ba kamar 18-55 da kana ja yana rufewa ba har sai ka ga hoton farko da haske na biyu da duhu a ɗaki ɗaya. A 50 ya ninka naka haske sau huɗu, kuma yana da OS mai rage rawar hannu. Sannan akwai lokutan da ba za ka iya kunna filash ba, jariri ɗan kwana bakwai ranar suna uwa ba za ta yarda ana walƙa masa wuta a ido ba, ko lokacin da tsofaffi ke yi ma amarya nasiha tana kuka, in ka fara walƙiya ka ɓata wurin kowa ya juyo yana kallonka. A irin nan sai in matsar da su kusa da ƙofa ko taga in yi amfani da hasken Allah, f/2.8 ya ishe ni. Kuma a buki babu lokacin canza objektif, kana cire wannan kana ɗaura wancan an riga an shigo da amarya an wuce.

Amma ka san nauyinsa ya haura rabin kilo, gram 565, in ka ɗora filash a sama hannu zai gaya maka da dare, kuma bakinsa 77mm ne filtir ɗinsa ya fi tsada. Akwai na Tamron 17-50 f/2.8 shi ma, ya fi sauƙin nauyi, na Canon kansa 17-55 f/2.8 kuwa ya fi ƙarfin kuɗinka ka manta da shi tukuna.

Abin da na fi so ka ji shi ne maganar fata. Mu baƙaƙe ne kuma a buki farar shadda da farin rawani ake sawa, kyamara in ka bar ta a otomatik farin take aunawa sai ta rage haske, riga ta fito da kyau fuska ta nutse. Babu objektif ɗin da zai gyara maka wannan. Ka auna fuska, in kana Av, wato saitin da kai ke zaɓen buɗi, ka ƙara haske +2/3 ko +1, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta matse ba, don ka samu damar dawo da zanen shadda a ordinatar, kuma ka daina barin balans na fari a otomatik ƙarƙashin ƙwan nan masu shuɗin haske, suna maida fata toka-toka. Amarya ta biya kuɗin kwalliya mai yawa, so take ta ga launin fatarta yadda yake. Kuma dan Allah kafin ka sa hoton matar mutane a Facebook ko TikTok don talla ka nemi izininta da na mijinta, an sha hana masu hoto shiga gidaje saboda wannan kuma mu duka abin ke shafa.

Ɗan Ader, Tawa:

Alhaji na gode Allah shi ƙara girma, na yi abin da kunka ce. Na tsaida ga 50 na shiga ɗakin ƙanwata da anka kai bara, bayana ga bango, mutum biyu zaune bakin gado kawai sunka shiga kuma ƙafafunsu ba su fito ba. To na gane. Hajiya ke ma na gode, maganar farar shadda ita ce ke cin mani tuwo ga ƙwarya tun tuni.

Saura abu biyu. Na ɗaya ina sha'awar ɗaukar kokowa, kun san mu nan Tawa ita ce abinmu, nan anka fara gasar ƙasa 1975, kuma in an yi ta gari ko ta jiha ina so in riƙa samun hotuna masu kyau ko don 'yan kokowar da kansu suna saye. 75-300 ɗin nan ba shi yi ko nan? Na biyu ƙura, ga hunturu tafe, yanzu ma in na ɗauki sama ina ganin ɗige-ɗige baƙaƙe wuri ɗaya ga kowane hoto. Kuma har yanzu ba wanda ya gaya mani yadda zan duba okaziyo.

Mai Gyara, Yamai:

Slm. Ni gyaran kyamara da objektif nake yi, bari in amsa maka ta ɓangarena.

Ɗigen da kake gani ba a objektif suke ba, a kan kaptar suke. Ka gwada, sa f/22 ka ɗauki farar takarda ko sama, za su fito ɓaro-ɓaro, in ka koma f/4 su ɓace. Ka sayi famfon roba na hura iska, ka shiga menu wurin share kaptar da hannu batir cike, ka kifa bakin kyamara ƙasa ka hura. Kada ka hura da baki, kada ka sa auduga ko bakin riga ko tsinken kunne, yawancin kyamarorin da ake kawo min da kaptar a karce daga nan ne, ƙurarmu yashi ce tana yanka gilashi. In hurawa ba ta fitar ba ka kawo ma mai gyara. Gaban objektif ma haka, hura tukuna sannan ka goge. Zum mai fita yana komawa kamar zugazugin maƙeri yake, duk ja ɗaya yana shaƙar iska da ƙurarta, don haka lokacin hunturu in ba aiki kake ba kyamara na cikin jaka a rufe, in za ka canza objektif ka kashe ta ka shiga ɗaki ko mota. Kada ka bar ta cikin akwatin moto ko mota a rana watan Afrilu da Mayu, zafi na narkar da man da ke ciki ya gangaro kan ganyen buɗi, robobin jiki su saki.

Okaziyo kuwa, doka ta farko ka zo da kyamararka da kat ɗinka, kada ka yarda a gwada maka a kan tasu. In ba za ka iya tahowa ba ka ba wanda ya san aiki, amma zuwa da kanka ya fi ko da tafiyar ta haura kilomita 500, ga dalili. Sigma da Tamron wani lokaci fokus ɗinsu na sauka ɗan gaba ko ɗan baya da inda ka auna, ya danganta da kyamarar da aka ɗaura su, manyan kyamarori suna da wurin gyara wannan a menu amma 600D ba ta da shi, in bai dace da taka ba babu yadda za ka yi. Ka jera pil uku a tebur ɗaya gaba ɗaya tsakiya ɗaya baya, ka auna na tsakiya da ɗigon fokus na tsakiya a f/2.8, a 17 da kuma a 50, ka buɗa hoton sosai ka ga wanne ya fito. Ka maimaita daga nesa kamar mita 3 da fuskar mutum.

Sannan ka cire murfi biyu ka haska tocilar salula ta baya ka leƙa ta gaba. Ƙura 'yar kaɗan ba komai, babu zum ɗin da ya zauna ƙasar nan bai sha ta ba kuma ba ta fita a hoto. Abin gudu shi ne zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce, ko hazo fari da ya rufe gilashin ciki. Mu nan bushewa na kare mu amma kaya da yawa daga bakin teku suke zuwa, Lome, Kotonu, Legas, can damshi ke cin su. Ka juya zoben zum daga farko zuwa ƙarshe ka ji ko yana cijewa ko yana ƙarar yashi. Ka sa f/16 ka danna ɗan maɓallin da ke gaban kyamara kusa da gindin objektif, ganyen su rufe su buɗe da sauri ba maiƙo a kansu. Ka duba sukurorin gindi, in kansu ya cinye an taɓa buɗe shi ka tambayi dalili. Ka ɗauki hotuna da yawa a jere kana jan zum, in ka ga saƙon kuskure Err 01 a allon kyamara ko da sau ɗaya ne ka goge ƙarafan gindi ka sake, in ya dawo ka aje masa abinsa, sau da yawa igiyar ciki ce ta fara tsinkewa. Kuma ka tabbata na Canon ne, Sigma ɗaya ake yi da gindin Canon da na Nikon kuma a ido sun yi kama. Ka nemi ya ba ka ko kwana uku na gwaji a rubuce.

In ɗan uwa zai sayo maka daga Faransa lissafin ba wuya, yuro ɗaya sefa 655.957 ne wato kusan 656, sai dai ka san babu gwaji babu mayarwa.

Mai Zum, Yamai:

Alhaji na karɓi maganar ɗaki, gaskiya ce. Amma ni dai har yanzu ina cewa kada ya cire 50mm daga ransa, don hoton da amarya ke sawa a firofil kuma take bugawa babba a rataya a falo ba na taro ba ne, nata ne ita kaɗai, kuma nan 50 a f/2 ko f/2.2 babu zum ɗin da ke kama shi. Ka fito da ita tsakar gida bayan la'asar, inuwa, ka nisanta ta da bango kamar mita 3, ka auna idon da ya fi kusa da kai, wlh wannan hoto ɗaya shi ke kawo maka kiliyan na gaba. Kuma in Sigma ta yi tsada akwai EF-S 24mm f/2.8 STM ɗan siriri, gram 125, a kyamararsa kamar 38 yake, shi da 50 in ka haɗa ka rufe ɗaki da tsakar gida. Abu ɗaya dai, EF-S da Sigma mai DC na ƙaramin kaptar ne, ranar da ka koma 6D ko 5D, EF-S ba ya ma ɗauruwa, Sigma kuma zai bar maka baƙi a kusurwoyi, 50mm kuwa EF ne zai bi ka duk inda ka je, har sababbin masu gindin RF da adafta.

Alhaji Mai Sutudiyo, Yamai:

Mai Zum wannan karon mun haɗu, 50 na nan zuwa amma shi ne na uku a layi ba na farko ba. 24 da 50 kuwa Hajiya ta riga ta ba da amsa, canje-canje a tsakiyar buki cikin ƙurar Tawa.

Maganar kokowa. Ɗana in dogon objektif kake so, EF-S 55-250 IS STM ka nema, na 2013, ya fi 75-300 kaifi nesa ba kusa ba musamman a ƙarshen zum inda 75-300 ke laushi yana sa shuɗi-shuɗi da ja-ja a gefen fararen abubuwa. A kyamararka 250 kamar 400 ne, daga bakin fili ya ishe ka ka cika hoto da mutum biyu. Kokowa da rana ake yi don haka f/5.6 ba matsala ba ce. Ka sa Tv, wato saitin da kai ke zaɓen bitas, bitas 1/1000, ISO 400 in rana ta yi sanyi ka ɗaga 800, fokus a AI Servo mai bin motsi da ɗigon tsakiya don shi ne mafi ƙarfi cikin tara ɗin da take da su. Ka sani IS rawar hannunka yake tsaidawa ba motsin ɗan kokowa ba, bitas ne ke daskarar da yashin da ke tashi. 600D hoto 3.7 take yi a sakan, ba ta da gudu, don haka ba za ka danne ka bar ma sa'a ba, sai ka karanci kokowar, ka ga lokacin da ya kama ƙafa ko ya sa ƙugu ka danna kafin a kai ƙasa, kai da ka tashi cikinta ka fi mu sanin wannan. Ka zauna ƙasa rana a bayanka, daga ƙasa suke fitowa da girma. Kuma kada ka tsaya ga faɗuwa kawai, kirari, layu da guraye, makaɗa, mai shafa ma ɗan kokowa magani a gefe, waɗannan su ma ana saye. Ka sa malfar objektif da filtir na kariya 58mm don a filin kokowa yashi har cikin kunne.

Amma ba da kuɗin nan ba. Buki ke ciyar da kai, shi za ka fara gyarawa, kokowa ta jira abin da buki ya kawo.

Ɗan Ader, Tawa:

To na tsaida magana. Filash TT685 mai C da pil masu caji da famfon hura ƙura su zan fara saye, in yi bukukuwan da ke gabana da 18-55 in ga yadda hasken ke zama. Abin da ya rage in ƙara da na aikin watan gobe in taho Yamai da kyamarata in gwada Sigma da kaina yadda Mai Gyara ya ce, in ba ta dace da 600D ba in ɗauki 24mm. Hajiya tambaya ɗaya ta rage mani, ɗakunan da anka yi ma silin na roba mai ruwan itace, da yawa nan Tawa yanzu haka anka yi su, ke kina buga filash ga bango ne ko kwalin kika ɗaurawa? Akwai buki ranar Asabar kuma irin ɗakin ke nan.